Madina, Kenya ko Lanzarote: ina Bakano zai je ganin filin aman wuta da kogunansa?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Makka ko Jidda zuwa Madina da rana ya ga baƙaƙen duwatsu sun rufe ƙasa dama da hagu, tafiya mai nisa babu gona babu inuwa. Yawancin alhazanmu barci suke yi a wannan zangon. Abin da ake wucewa ɗin nan narkakken dutse ne da ya ɓullo daga cikin ƙasa, ya malala, ya daskare. A wasu ƙasashen irin wannan fili ake killacewa, a sa masa ƙofa da tikiti, mutane su taso daga uwa duniya don kawai su gan shi.

Wannan rubutu na wanda ya ga hotunan irin waɗannan wurare ne a waya, ransa ya biya, yana da ɗan abin da ya tara, yana tambayar inda zai nufa daga Kano. Wurare uku zan ajiye masa kusa da juna: filayen Madina da Khaibara a Saudiyya, gandun Tsavo da tsaunukan Chyulu a Kenya, da tsibirin Lanzarote na Sifaniya. Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Ga mafi yawanmu Madina ce ta fi, da tazara mai yawa. Amma akwai waɗanda ba ita ta dace da su ba, kuma suna da hakkin a gaya musu dalili.

Ya kamata a fara sanin abin da za a je gani, don kada a biya kuɗin jirgi a dawo ana cewa ai duwatsu ne kawai. Ruwan dutsen da ke fitowa a irin waɗannan filaye zafinsa ya haura digiri 1,000. Idan ya malala, samansa da ke shan iska shi ke fara daskarewa, kamar yadda kunu ke yin fata a sama alhali ƙasansa na nan da zafinsa. Wannan ɓawon sai ya zama rufi, ya hana zafin ciki fita, ruwan dutsen ya ci gaba da gudu a ƙarƙashi har kilomitoci. Ranar da aman ya tsaya, na cikin ya tsiyaye ya yi gaba, sai a bar doguwar hanya a ƙarƙashin ƙasa. Ita ce kogon. Shi ya sa za ka gan shi miƙaƙƙe, da layi-layi a jikin bango da ke nuna inda ruwan dutsen ya kai a tsayi, ƙofarsa kuwa galibi wurin da rufin ya rufta ne. Filin da ke sama shi ma iri biyu ne. Akwai mai laushin takawa, a nannaɗe, akwai kuma mai kaushi da kaifi wanda ke yaga takalmi ya yanki hannu idan aka dafa.

Wani zai ce me ya sa ba za a fara da gida ba. Tambaya ce mai kyau. Dala da Goron Dutse ba duwatsun aman wuta ba ne, marmara ce ta rufe kansu. Amma jihar Kano ba ta rasa nata ba: duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, masana ilmin ƙasa sun nuna saiwar wani tsohon dutsen aman wuta ne da ya haura shekara miliyan 150, ruwa da iska suka cinye samansa. A Filato, cikin ƙaramar hukumar Mangu, akwai tuddan aman wuta a Panyam da Kerang, da tafkin Pidong na Ampang wanda ke zaune a cikin bakin dutsen da ya mutu. A tudun Biu na Borno an ƙirga irin waɗannan tuddai sama da 80, ga kuma tafkin Tila. Ga malamin da zai kai ɗalibai su ga abin da ke cikin littafi da idonsu, Filato ta wadatar, kuma tafiyar yini ɗaya ce a mota. Sai dai waɗannan wurare sun tsufa, ciyawa da gonaki sun rufe su, ba za ka ga baƙin fili tsirara ba, ba kuma wurare ne da aka tanadar wa baƙi da jagora da fitila ba. Sannan rikicin da ya addabi Mangu a 'yan shekarun nan da matsalar tsaron hanyar Biu ba abin wasa ba ne. Kada kowa ya kama hanya sai ya ji daga bakin mutanen wurin a wannan makon.

To, Madina. Larabawa na kiran irin wannan baƙin fili harra, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarinsa ko da bai lura ba. Ya zo a hadisi cewa an nuna wa Annabi (SAW) gidan hijirarsa, ƙasa mai dabino tsakanin harra biyu, kuma ya sanya abin da ke tsakaninsu ya zama harami. Su ne Harrat Wakim a gabas da Harrat Wabara a yamma. A Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan hijira, ta arewa aka haƙa ramin, domin doki da raƙumi ba sa iya ratsa kaifin duwatsun gabas da yamma. Mutum ba zai gane wannan dabarar sosai ba sai ya taka harra da ƙafarsa, ya ji yadda taku goma ke gajiyar da shi. A nan ne Madina ta sha gaban sauran wuraren biyu. A Kenya ko Sifaniya kana kallon ƙasar wasu ne da tarihin wasu. A Madina kana taka wurin da ka riga ka sani tun kana makarantar allo.

Babban filin da Madina ke zaune a bakinsa na arewa shi ne Harrat Rahat. Ya miƙe kudu kimanin kilomita 300, faɗin ƙasar da ya rufe ya kai murabba'in kilomita 20,000, wato kusan girman jihar Kano gaba ɗayanta. Amansa na ƙarshe ya auku a watan Jimada Sani na shekarar 654 ta hijira, daidai da Yunin 1256. An yi kwanaki ana girgizar ƙasa a birnin, sannan ƙasa ta tsage kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da shi, tsagar da ta ɗan haura kilomita biyu, tuddai shida suka tashi a kanta. Ruwan dutsen ya yi tafiyar kilomita 23, aka ɗauki kwana 52 kafin ya lafa. Marubutan tarihi na lokacin sun ce mutanen Madina, maza da mata, sun taru a masallacin Annabi suna kuka suna tuba, kuma wutar ta tsaya 'yan kilomitoci kaɗan da garin ba ta shige shi ba. Malamai irin su Imam Nawawi, wanda yana raye a lokacin, sun danganta ta da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa alkiyama ba za ta tsaya ba sai wata wuta ta fito daga ƙasar Hijaz wadda za ta haska wuyan raƙuma a Busra ta ƙasar Sham. Kada a haɗa wannan da gobarar da ta kama masallacin a watan azumin shekarar, waccan daga fitilar wani mai hidima ta tashi.

Wannan malalar ta 654 tana nan, baƙi ƙirin, ta fi duk na kewayenta duhu saboda ita ce sabuwa. Daga Harami zuwa gefenta bai kai awa ɗaya a mota ba. Mutum zai iya fita bayan Asuba ya dawo kafin Azahar, bai rasa jam'i ko ɗaya ba. Ina ganin abin takaici ne a ce motocin ziyara na kai alhazanmu Uhudu da Kuba da Kiblataini da kasuwar dabino, kowace shekara, amma ba kasafai wani ke cewa a leƙa wurin da wutar Hijaz ta tsaya ba.

Mai son kogo kuwa sai ya ƙara gaba zuwa Harrat Khaibara, arewa da Madina. A nan kogon Ummu Jirsan yake, kimanin kilomita 125 daga birnin. Tsawonsa mita 1,481, rufinsa ya kai mita 8 zuwa 12, faɗinsa a wani wurin mita 45, don haka ba kogon rarrafe ba ne, a miƙe ake tafiya. Masu bincike sun samu tulin ƙasusuwan da kuraye suka yi ta janyowa ciki, kuma binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna makiyaya sun riƙa fakewa a cikinsa tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce. A wannan filin ne kuma ake da fararen tsaunuka biyu, Jabal Abyad mai tsayin mita 2,093 da Jabal Baida, a tsaye tsakiyar baƙar ƙasa, abin da ba kasafai ake gani a duniya ba. Wanda ya sauka Makka kuma yana da niyyar zuwa Ɗa'ifa, akwai ramin Wahba kimanin kilomita 250 daga Ɗa'ifa: faɗinsa kusan kilomita biyu, zurfinsa mita 250, farin gishiri shimfiɗe a ƙasansa. Ruwan dutse ne ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, tururi ya fashe ya bar wannan rami.

Yanzu ga inda Saudiyya ta gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Yawancin waɗannan wurare ba gandun da aka shirya wa baƙi ba ne. Babu fitila a kogon, babu mai gadin da zai nemo ka idan ka ɓata. Khaibara tana ƙarƙashin hukumar da ke kula da yankin tarihi na Al-Ula, wadda ta fara buɗe wasu sassanta ga masu ziyara a 2022, amma shiga cikin harra sosai sai da mota mai ja da ƙafa huɗu da jagoran da ya san hanya, kuma waya na iya ɗaukewa. Tafiyar Khaibara yini guda ce cur. Wanda ya ƙudurta yin salla arba'in a masallacin Annabi ba tare da ya tsallake ɗaya ba, wannan tafiyar za ta katse masa, sai ya zaɓa. Zafin bazara a Madina ya wuce digiri 40, baƙin dutse kuma na riƙe zafi fiye da yashi, saboda haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin, daidai da hunturunmu. Kuma kada a ɗauka ƙasar ta mutu: a 2009 girgizar ƙasa a Harrat Lunayyir, arewa maso yamma da Madina, ta sa an kwashe dubban mutane daga garin Al-Is, har yau hukumar ilmin ƙasa ta Saudiyya na sa ido a kan filayen.

Batun biza shi ne abin da ya sa wannan zaɓi ya fi araha. Ba sabuwar tafiya za ka shirya ba, yini ɗaya ko biyu za ka ƙara a kan Umarar da dama za ka je, kuma jirgi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda bai wuce awa biyar ba. Tun 2022 Saudiyya ta ba mai bizar Umara damar zagaya sauran garuruwanta. Bizar Hajji ba haka take ba, tana da iyaka, kada alhaji ya gwada. Dokokin nan kuma suna sauyawa, musamman idan Hajji ya gabato, don haka a tambayi kamfanin jirgin yawon da ya yi bizar kafin a biya direba ko kwabo.

Kenya ita ce amsar wanda ke son gandu na gaske, mai ƙofa da ma'aikata da masauki a ciki. Tsavo ta Yamma, wadda aka kafa a 1948, girmanta ya ɗan haura murabba'in kilomita 9,000. A cikinta malalar Shetani take, baƙin dutse mai kaifi da ya fito shekaru ɗaruruwa kaɗan da suka wuce, har yanzu tsiro bai kama shi sosai ba. Ana sauka daga mota a taka shi, ana hawa tudun Chaimu da ke kusa, akwai kuma ƙananan koguna a yankin. Maƙwabciyarta, gandun tsaunukan Chyulu da aka kafa a 1983, ita ke da kogon Leviathan mai tsawon kimanin kilomita 11 da rabi, wanda ya fi kowane irinsa tsawo a Afirka kuma yana cikin na gaba-gaba a duniya. Rufinsa ya rufta a wurare, ya rarraba shi, baƙo wani sashe kawai yake shiga tare da ma'aikacin gandu. Idan tsawon kogo ake nema, Ummu Jirsan ba ta kama ƙafarsa ba.

Abin da ya fi burge ni a Tsavo ba kogon ba ne, ruwan ne. Tsaunukan Chyulu na samun ruwan sama, amma babu kogi mai gudu a kansu, domin dutsen aman wuta duk ƙofofi ne, ruwan nutsewa yake yi. Yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, dutsen na tace shi, sai ya ɓullo a maɓuɓɓugar Mzima garau, kimanin lita miliyan 250 a kowace rana. Dorina da kada na zaune a ciki, an gina ɗan ɗaki mai gilashi a ƙarƙashin ruwan don kallon kifi, kuma daga nan aka ja bututun da ke shayar da Mombasa. Ga mutumin Kano da ya san wahalar ruwa da kuɗin 'yan garuwa, ganin yadda busasshen baƙin dutse ke zama rumbun ruwan birni guda darasi ne da ya kai a yi masa tafiya. Ga kuma giwaye da suka yi ja saboda wanka da jar ƙasar wurin, da raƙuman dawa, da zaki idan an dace. Idan sama ta washe ana hango dutsen Kilimanjaro. Wannan shi ne abin da Madina ba za ta ba yaro ba. Yaro ɗan shekara goma zai gaji da baƙin dutse cikin rabin awa, amma ba zai gaji da giwa ba.

Zuwa Kenya daga Kano ana bi ta Adis Ababa ne ko ta Legas. Daga Nairobi jirgin ƙasan da aka buɗe a 2017 zuwa Mombasa yana da tasha a Mtito Andei, bakin ƙofar gandun. A 2025 gwamnatin Kenya ta sanar da ɗauke wa 'yan mafi yawan ƙasashen Afirka takardar izinin shiga ta intanet, amma a duba halin da ake ciki kafin a sayi tikiti, kuma a riƙe katin rigakafin shawara. Wanda lokacinsa bai kai na Tsavo ba, dutsen Suswa na nan cikin ƙasar Masai, ana zuwa daga Nairobi a dawo a yini: koguna ne birjik, gwaggon biri na kwana a bakinsu, mutanen yankin ne ke jagora kuma su ake biya. Damina biyu ce a Kenya, Maris zuwa Mayu da Oktoba zuwa Disamba, hanyoyin Chyulu da Suswa na lalacewa a cikinsu. Yuni zuwa Satumba ko Janairu da Fabrairu sun fi.

Tsadar Kenya ba a tikitin jirgi take ba, a ƙasa take. Kuɗin shiga gandu na baƙo ana lissafa shi ne a kowace rana, ga hayar mota da direba, ga masauki, kuma yawanci da dala ake yanka farashin. Wanda ya je Wapa canji ya san abin da hakan ke nufi. Mutum ɗaya zai ji a jikinsa. Mutum biyar ko shida da suka haɗa kuɗin mota ɗaya za su samu sauƙi sosai. Abinci ba matsala ba ne a Nairobi da Mombasa, Musulmi na da yawa, amma a masaukin cikin gandu a tambaya tun kafin a je, in ba a gamsu da yankan ba a tsaya kan kifi da ganye.

Lanzarote kuwa, idan tsari da kyan gani ne ma'auni, ita ce ta ɗaya ba gardama. Tsibiri ne a tekun Atilantika, kimanin kilomita 125 daga gaɓar Maroko, amma mallakar Sifaniya. Daga ranar 1 ga Satumban 1730 zuwa 1736 ƙasa ta yi ta aman wuta a can, ta binne ƙauyuka da gonaki, ta rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin. A 1974 aka mai da tsakiyar wurin gandun Timanfaya. Ruwan sama ƙanƙane ne, don haka filin na nan kusan yadda wutar ta bar shi, ja da baƙi da ruwan toka. Har yau zafin na nan kusa da sama: ma'aikata kan tura busasshiyar ciyawa cikin rami ta kama da wuta, su zuba ruwa a bututu ya dawo tururi da ƙara, kuma akwai gidan abincin da ke gasa nama da zafin ƙasar. A arewacin tsibirin akwai kogon dutsen Korona mai tsawon kimanin kilomita 7, wanda ƙarshensa ya shige ƙarƙashin teku. Sashensa ɗaya, Cueva de los Verdes, shi ne inda mutanen tsibirin ke ɓuya wa 'yan fashin teku a da. An sa masa fitilu tun 1964, ana zagaya kimanin kilomita ɗaya cikin ƙasa da awa ɗaya tare da jagora. Ɗaya sashen, Jameos del Agua, mai zane ɗan tsibirin César Manrique ne ya tsara shi, da tafki a ciki inda wasu fararen ƙaguwa makafi 'yan mitsi-mitsi ke rayuwa. Manomi zai tsaya a yankin La Geria, inda ake haƙa rami a cikin tokar har a taɓo ƙasar noma, a dasa kurangar inabi ɗaya, a kewaye ta da guntun bango don tare iska. Tokar ce ke riƙe danshi a wurin da ruwan shekara bai kai milimita 200 ba. Yawancin inabin giya ake yi da shi, gara a sani.

Sai dai wannan tsari na da farashinsa. A tsakiyar Timanfaya ba ka taka ƙasa. Bas ce ke zagayawa da kai kimanin kilomita 14, ta gilashi kake kallo, don a kare wurin. Ga dattijo ko mai ciwon gwiwa wannan alheri ne. Ga saurayin da ya zo ya ji dutsen a ƙarƙashin ƙafarsa, ragi ne. Babbar katangar kuma ita ce biza. Sai ta Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, ban da inshora da bayanan banki da zirga-zirgar Abuja ko Legas, kuma a shekarar 2024 fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Nijeriyar da suka nema ba su samu ba, kuɗin kuma ba ya dawowa. Tsibirin wurin shaƙatawar Turawa ne a bakin teku, da shigarsu da shaye-shayensu, magidancin da zai tafi da iyali ya yi la'akari da wannan. Akwai 'yan Maroko mazauna can, ta wajensu ake samun naman halal, amma sai an nema. Shawarata ita ce, wanda ya riga yana da bizar a fasfonsa saboda kasuwanci ko karatu ko ganin likita, ya ƙara kwana uku ya je, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda kuwa zai fara neman biza daga tushe saboda wannan kaɗai, kuɗinsa ya fi amfani a Kenya.

Amurka ma na da nata, kuma su ne hotunan da suka fi yawo. Gandun Craters of the Moon a jihar Idaho, wanda aka ayyana a 1924, har 'yan sama jannati aka kai can horo a 1969, Lava Beds na Kalifoniya kuma na da koguna sama da 800. Amma da nisan tafiyar da yadda bizar ta ƙara tsauri ga ɗan Nijeriya tun 2025, ba na sa su a lissafin mai tashi daga Kano.

Idan aka tattara, tambayar da za ta raba gardama ita ce da wa za ka tafi. Kai kaɗai ko kai da abokai masu ƙarfin jiki, kuma dama Umara na gabanku, babu dalilin duba wani wuri: malalar 654 da safe ɗaya, Khaibara da yini ɗaya in lokaci ya bari. Da Hajiya ko Baba a tafiyar, a tsaya a kan malalar ta kusa, a kai su gefenta a mota su gani su taɓa, kada a ja su cikin kogo. Da yara, Kenya. Ni dai ban ga hikimar mutum ya tsallake harrar Madina, wadda yake wucewa ta cikinta da kuɗin da ya riga ya biya, ya tafi neman irinta a inda sai ya roƙi biza ba.

Ko ina aka zaɓa, kayan shiga kogo ɗaya ne, kuma gara a saye su a Sabon Gari ko Kantin Kwari kafin a tashi, sun fi araha. Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, ba silifa ba, ba takalmin harami ba. Tocila biyu ga kowane mutum da batir na ajiya, hasken waya ba ya isa. Hular kwano ko aƙalla hula mai kauri, domin rufin kan yi ƙasa ba zato. Safar hannu saboda kaifin dutse. Babbar riga da doguwar abaya na kama dutse, a sa tufafin da ba ya ja da ƙasa. Ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha. Jemagu na zaune a yawancin waɗannan koguna, kada a taɓa su, kada a tayar da ƙurar kashinsu, a sa takunkumi. Wannan ba tsoratarwa ba ce: kogon Kitum na dutsen Elgon a Kenya an danganta shi da kamuwa da cutar Marburg a 1980 da 1987.

Direban da zai kai ka Khaibara ko Suswa, ku yi magana a kan komai tun a masauki: kuɗin zuwa da dawowa da na jira, ko ya taɓa shiga wurin da kansa, ko motarsa na da tayar ajiya mai kyau, da lokacin da za a juyo. A bar wa wani a masaukin sunan wurin da lambar motar da sa'ar da ake sa ran dawowarku, kuma a ajiye rabin kuɗin sai an dawo.